In za a yi gada a Damagaram, wa ya dace ya zana ta?

Nana Hadiza (Sabon Gari): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya Alhaji Bala ya saka hoton wata doguwar gada ta Faransa, ya rubuta a ƙasa cewa irinta muke so a Damagaram, a kira wanda ya zana ta. Na ga mutane da yawa sun yi na'am. Ni zayyanar gine-gine na karanta a Lome, kuma ban yarda ba. Ga tambayata: in yau aka samu kuɗin yin gada a garin nan, ko a kan ɗaya daga cikin ƙoramun da ke yanke wa mutanen karkara hanya da damina, wa ya dace a ba zanen? Ɗan ƙasa da ya san wurin, ko mai babban suna daga Turai? Ni na ce ɗan ƙasa, kuma ba kishi kaɗai ya sa na faɗi haka ba.

Alhaji Bala (Kasuwar Dole): Wa alaikumus salam ƴata. Ni na saka hoton, kuma ina kan bakana. Garin nan shi ne babban birnin ƙasa har 1926, kafin a mayar da shi Yamai. Yau in baƙo ya sauka, ban da fadar Mai Martaba da tsofaffin gidajen Birni, wane sabon abu za ki kai shi ya gani? Lokacin Zinder Sabuwa, shirin gyara garin nan don bikin ranar Jamhuriya, a 2018 an yi hanyoyi da gine-gine, mun gode Allah. Amma ina son abu guda wanda in an nuna hotonsa a Makka ko a Dubai za a ce wannan Damagaram ce. Wanda ya fi kowa iyawa nake so, ko daga ina ya fito.

Rabi (Faransa): Baba Alhaji, gadar Millau ce ka saka, a kudancin Faransa. An buɗe ta a 2004, tsawonta ya kusa kilomita biyu da rabi, ƙololuwarta kuma mita 343, ta fi hasumiyar Eiffel. Sunan da aka fi ji shi ne Norman Foster, ɗan Ingila. Amma injiniyan da ya ƙirƙiro tsarinta Bafaranshe ne, Michel Virlogeux. Wato ko can ɗin ma da ɗan gida aka yi. Kuma babban kwarin kogin Tarn take tsallakewa. Mu ina kwarinmu da zai ɗauki wannan?

Abdu ɗan kabu-kabu: Ni dai a yi wadda in an yi ruwa zan wuce da fasinja ba sai na tura babur cikin laka ba.

Injiniya Mamman Sani: Abdu ya faɗi abin da ya kamata a fara da shi. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Damagaram ba ta da kogi. Abin da muke da shi ƙoramu ne da tafkuna, da gari da ke zaune a kan dutse. Mafi yawan watannin shekara ƙorama busasshiya ce, yara na ƙwallo a cikinta, amalanken shanu na bi ta ciki. Rana guda a watan Agusta sai a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ba ta shanye shi ba saboda dutse na kusa, cikin sa'a guda ƙoramar ta cika ta batse. Kuma ba ruwa kaɗai take kawowa ba. Yashi ne, rassan itace, karan gero, ledoji, wani lokaci har mushen dabba. Abu biyu ke kashe mana gadoji. Na farko, yashi da shara su toshe ƙofofin dalo, wato ƴar gadar kankare mai ƙofofin wucewar ruwa a ƙarƙashin hanya, ruwa ya rasa hanya ya hau ta sama ko ya ci gefen hanya. Na biyu, ruwan ya ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin ginshiƙi, gadar tana nan lafiya a ido, amma gindinta a iska yake.

Akwai na uku wanda ba ya cikin takarda: ƙorama tana sauya hanya. Ka gina gada inda take bi bana, bayan ƴan shekaru ta koma gefe ta bar maka gadarka a tsaye cikin rairayi. Wanda zai gaya maka inda ruwa ya taɓa kaiwa shekara talatin baya ba ya cikin kwamfuta. Mai gonar da ke bakin ƙoramar ne, zai kama hannunka ya kai ka gindin wata gawo ya nuna maka tabon da ruwa ya bari a jikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda zai zana mana gada, in bai zauna da wannan manomin ba, ban damu da sunansa ba, zanensa na da rami.

Alhaji Bala: To Injiniya, mai babban sunan ba zai iya zuwa ya zauna da manomin ba?

Injiniya Mamman Sani: Zai iya, Alhaji. Amma yawanci ba shi zai zo ba, yaransa zai turo na ƴan kwanaki, kuma da rani za su zo, lokacin da hanya ke da kyau kuma babu ko ɗigon ruwa da za su gani.

Mushe Isuhu (Garin Malam): Ni ina da ja, kuma da Nana nake. Na koyar a wani ƙauye kudu da gari. An yi mana ƙaramin dalo a hanyar lakwal, ɗan kwangilar namu ne, yarenmu guda, sallarmu guda. Damina guda bai kai ba. Da ruwa ya fasa shi na je na duba da idona: rodin da ke ciki bai fi kaurin alƙalami ba, kankaren kuma in ka murza shi da yatsa sai ya zube. Yara suka koma tuɓe takalma suna ɗora littattafai a ka. Wata yarinya ƴar aji biyu sai da wanta ya riƙa goya ta kullum har kaka. Saboda haka in an ce mini a ba ɗan ƙasa, gabana faɗuwa yake yi. Baƙon aƙalla yana tsoron sunansa ya ɓaci.

Nana Hadiza: Allah shi saka maka da alheri, Mushe, wannan gaskiya ce kuma tana da ciwo. Amma aiki uku ne ake haɗawa a nan. Akwai mai zane, akwai ɗan kwangilar da zai gina, akwai mai sa ido da zai auna rodi ya ɗauki samfurin kankare ya kai a gwada kafin a biya. Abin da ka ba da labari laifin na biyu ne da na uku. Ko Foster ne ya zana wannan dalo, in wanda ya gina ya rage siminti, mai sa ido kuma ya kau da kai, haka zai zube.

Batun tsoron ɓata suna kuma, manyan ma suna kuskure, kuma kuskurensu tsada gare shi. Santiago Calatrava, ɗan Sifen, yana cikin waɗanda suka fi shahara da gadoji a duniya. Gadar da ya yi wa birnin Benis na Italiya, wadda aka buɗe a 2008, ya saka mata matakala na gilashi. Garin kuwa ruwa da raɓa ne. Mutane suka yi ta zamewa suna faɗuwa, kuɗin aikin ya zarce abin da aka tsara, har a 2019 kotu ta ce ya biya tarar kusan yuro 78,000. A Bilbao ma gadarsa ta masu ƙafa gilashi ce, sai da aka shimfiɗa mata tabarmar hana santsi. Shi Foster ɗin, gadar masu ƙafa da suka yi a Landan a shekarar 2000, ranar buɗewa ta riƙa lilo da mutane, bayan kwana biyu aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai 2002. Su can suna da kuɗin gyara kuskure. Mu in aka yi mana irin wannan, da shi za mu zauna har jikokinmu.

Rabi (Faransa): Ki ƙara da wadda aka so yi a Landan mai lambu a kanta. An kashe fam miliyan 50 da wani abu, aka soke aikin a 2017 ba a kafa ko ginshiƙi guda ba.

Sanusi (ɗalibi, jami'ar André Salifou): Yaya Nana, ina tare da ke, amma mu faɗi gaskiya. Gadojin Yamai wa ya yi su? Ta Kennedy a 1970 da kuɗin Amurka. Ta biyu a 2011 ƴan Sin. Ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, a 2021, su ne dai. In muna da masu iyawa, me ya hana su?

Injiniya Mamman Sani: Tambaya mai kyau, ɗana. Gadar kogin Kwara wani aji ce. Ɗaruruwan mitoci ne a kan ruwan da ba ya ƙafewa, ana buƙatar injunan haƙa turaku cikin ruwa da manyan ƙugiyoyi da kamfanoninmu ba su mallaka ba. A nan ba na jayayya, sai da haɗin gwiwa. Amma ka lura da abu guda: babu ko ɗaya cikin ukun da aka kira shahararren mai zane ya yi. Wanda ya kawo kuɗi shi ya kawo zanensa da kamfaninsa. Shi ya sa nake ganin muhawarar nan ta ɗan kauce. Abokin takarar Nana ba Foster ba ne, Foster bai ma san muna yi ba. Abokin takararta shi ne zanen da aka riga aka yi wa wata ƙasa, aka ciro daga aljihun tebur, aka sauya masa suna aka kawo mana haɗe da rance.

Sai kuma takardar sharuɗɗan kwangila. Za ka ga an rubuta cewa duk mai nema sai ya nuna ya taɓa yin irin aikin sau kaza cikin ƴan shekarun baya, kuma kuɗin da ke ratsa hannunsa a shekara ya kai kaza. Yaron da ya fito daga makarantun injiniyoyi irin su EMIG a Yamai, ko 2iE a Wagadugu, ko Lome, ko Zariya, ta ina zai samu na farkon? An rufe masa ƙofa tun kafin a ga zanensa. Ƙarshenta shi ne zai yi aikin a matsayin yaron baƙon, shi zai sha rana yana awo, sunan wani ya hau allo.

Hajiya Ta Birni: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da tambaya. Kuna ta yabon na gida. Tsohon masallacinmu na Birni, wanda kakanni suka gina, a idonmu ya faɗi a watan Satumba na 2024. Mun yi kuka ranar. In ilimin gida ya isa, me ya sa ya faɗi?

Baba Ilu magini (ɗansa Habu ke rubutawa): Baba ya ce a gaida Hajiya, ya ce shi ma ya yi kukan. Ya ce ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin yana tsaye da tubali da azara, ba za a ce maginansa ba su iya ba. Ya ce ginin ƙasa rai gare shi, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe, an tabbata ruwa ba ya kwanciya a gindin bango. Ya ce ruwan waccan shekarar kuma shi tun tasowarsa bai ga irinsa da yawa ba.

Ya ce kuma kada a ɗauka yana cewa a yi gada da laka, bai haukace ba. Amma a dubi bakan gizo da ake ɗaurawa a soron zaure, yadda nauyi ke bin lanƙwasa ya sauka a bango. Ya ce hannun da ya san wannan, in aka ba shi dutse da siminti da injiniya a gefensa, zai ɗaura bakan da mota za ta hau. Ya ce dutse kuwa Allah ya zuba mana shi har cikin gari, mata na fasa shi da guduma suna sayarwa a kwano.

Injiniya Mamman Sani: Habu, ka gaya wa Baba maganarsa tana kan ilimi. Gadar dutse mai baka tsohuwar fasaha ce, akwai na zamanin Rumawa da har yau suke tsaye. Ko a ƴan shekarun nan an gina irinsu da yawa a yankin Kigoma na Tanzaniya, da maginan ƙauye. Ba ta cin rodi sosai, siminti kaɗan take so, nauyinta kuma yana taimakonta gaban ruwa. Sharaɗinta tushe mai ƙarfi, kuma inda dutse ke kusa da sama, kamar wurare da yawa a nan, an samu. Ba ko'ina za ta yi ba. Inda ƙorama ke da faɗi kuma yashi ne zalla, gara a yi radiye, wato shimfiɗar kankare a ƙasan ƙoramar, a bar ruwa ya bi ta sama na ƴan sa'o'i, a ƙarfafa gefe da ragar waya cike da duwatsu.

Maganar Hajiya kuma ta taɓa mu duka. A wannan daminar ta 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar shiga Yamai, kuma wannan ba ginin laka ba ne. Lissafin ruwan da muka gada daga tsofaffin littattafai yana buƙatar a sake duba shi, ko wa zai yi zanen.

Nana Hadiza: Na gode Baba Ilu. Alhaji, kai da kake son abin da duniya za ta gani, ga shi a ƙasarmu. Masallacin Yama a jihar Tawa, Falke Barmu ne ya fara gina shi a 1962, magini ne na gargajiya, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zayyanar gine-gine. A Dandaji, nan jihar Tawa dai, Mariam Issoufou Kamara tare da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse, aka gama a 2018. Mujallun duniya sun buga hotunansa. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando ya fara, a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, kyautar da ta fi kowace girma a sana'armu. Duka ukun ayyuka ne da aka yi a ƙauye.

Alhaji Bala: Waɗannan masallatai ne da makarantu, ƴata. Gada daban ce, rayuka ke hawa kanta.

Sanusi: Kuma Kéré a Balin ta Jamus ya yi karatu, can ofishinsa yake. Mariam ma a Amurka ta karanta.

Nana Hadiza: Haka ne Sanusi, kuma ban ga aibi ba. Ba cewa nake kada a yi karatu a waje ba, ni ma a waje na yi. Abin da nake dubawa shi ne: wa zai dawo bayan damina uku ya ga abin da ya faru da aikinsa? Wa mahaifiyarsa za ta bi ta kan gadar? A Jenowa ta Italiya, da gadar Morandi ta rufta ranar 14 ga Agusta 2018 mutum 43 suka rasu, Renzo Piano ne ya zana sabuwar. Sunansa ya cika duniya, amma ɗan garin ne, kyauta ya ba da zanen, kuma bai yi mata ƙawa mai yawa ba. Aka buɗe ta a 2020.

Alhaji kuma ya yi gaskiya, rayuka ke hawa. Shi ya sa ban taɓa cewa mai zayyana ya yi shi kaɗai ba. Lissafin ƙarfi na injiniya ne. Nawa aikin shi ne abin da lissafi ba ya gani. Faɗin gefen da mai ƙafa zai bi ba tare da babur ya goge shi ba. Gangaren da jaki zai iya hawa da amalanke cike da jarkokin ruwa. Shingen da tazararsa ba za ta bar kan yaro ya shige ba, wanda kuma ba ƙarfen da za a kwance da dare a sayar ba ne. Inuwa, don a watan Afrilu ƙarfe ba ya taɓuwa da tsakar rana. Wurin da mai ƙosai za ta zauna a bakin gadar, don ko an tanada ko ba a tanada ba za ta zauna. In an so ado, ga zanen bangon Birni da zankwaye, namu ne, babu wanda zai koya mana.

Abdu ɗan kabu-kabu: Yaya Nana ki ƙara da fitila. Kuma kada a yi tudu a bakin gadar inda kwalta ke haɗuwa da kankare, nan ne ƙasa ke zaunewa, nan muke faɗuwa da dare.

Mushe Isuhu: Har yanzu ban samu amsar damuwata ba. In aka ce na gida za a ba, wa zai zaɓa? Kun san yadda abin ke tafiya. Ɗan wane ne zai samu, ba wanda ya iya ba.

Injiniya Mamman Sani: Amsar ita ce gasa, Mushe, wadda ake ɓoye sunaye. Kowa ya kawo zanensa da lamba kawai, alƙalai su zaɓa ba su san na wane ne ba, sai bayan an yanke a buɗe ambulan. Ana yin haka a ƙasashe da yawa. A kafa zanukan a fili mutanen unguwa su gani. Cikin alƙalan a sa injiniyan ruwa, a sa wakilin masu zayyana na ƙasa, a sa sarkin magina, a sa mutum guda daga unguwar da za a yi aikin. Sa'annan kafin a zuba kankare, wani ofishi dabam da ba shi da hannu a zanen ya sake bin lissafin. A wannan matakin in an ɗauko ƙwararre daga waje, ni zan fi kowa murna.

Alhaji Bala: To in gasa ce a buɗe ta ga kowa mana. In baƙo ya ci, ya ci.

Nana Hadiza: Na yarda, Alhaji, da sharaɗi guda: baƙon ya shigo tare da ofishin ɗan ƙasa, su sa hannu tare, kuma a bar mana lissafin da zanukan a nan, ba a tafi da su ba. Ƙananan gadoji da dalo kuma a keɓe wa na gida, a cire sharaɗin nan na sai ka taɓa yi.

Alhaji Bala: Ƙananan na bar muku. Amma ranar da za a yi babba a tsakiyar gari, ni dai ina nan kan ra'ayina, a nemo wanda duniya ta sani.

Hajiya Ta Birni: Ni kuma ko wa aka ba, a rubuta wanda zai riƙa kwashe yashi da leda daga ƙarƙashinta kafin damina, da inda kuɗin zai fito. Kanibon ƙofar gidana mu matan layi muke yashe shi da kanmu duk watan Yuni.

Shugaban zaure: Jama'a an gode. Nana da Injiniya, ku haɗa abin da aka faɗa a shafi guda, da Hausa da Faransanci, har da maganar Hajiya da ta Abdu, ku saka a nan a gyara kafin mu san wanda za a kai wa.

Injiniya Mamman Sani: To, ranka shi daɗe. Habu, ka tambayar mini Baba ko zai samu lokaci ranar Asabar bayan la'asar, ina son in ga yadda yake kafa katakon baka kafin in rubuta sashen dutsen.

Habu: Ya ce ka zo, amma ka taho da ma'auninka, nasa igiya ce.